Ƙoren Inna da Bajamushiyar Lyon

Muna sallame sallar asuba muka bar La Courneuve, unguwarmu a gefen Paris, ni da wata ƙawata mai karatun tarihin zane. Ita ta nace sai na raka ta Lyon kallon aikin wata Bajamushiya. Ni kuwa hankalina na gida. Ranar Asabar za mu koma wani ƙaramin gida a unguwar Aubervilliers, maigidana kuma ya ce kwalin ƙoren Inna ba shi da wuri a can. Mahaifiyata ce ta zana su da wuƙa mai zafi a Damagaram. Tun rasuwarta suna ƙarƙashin gado, har na yarda a zubar.

Awa biyu jirgin ƙasa ya kai mu. Da na ji kuɗin gahawarsu sai ƙishirwa ta sake ni, muka buɗe kilishinmu, Baturen kusa da mu yana ta shaƙar ƙamshi yana basarwa. Lyon gari ne mai koguna biyu da tudu, gwiwoyina sun shaida.

Ni dai sassaƙe-sassaƙen Turawa ba sa gabana, na shiga gidan baje kolin ne don kunyar ƙawata. Bajamushiyar ta yi zane, ta sassaƙa itace har tsufanta, ba wanda ya kula. A zamaninta mijinta ake kira mai zane, ita kuwa matar mai zane. Bayan mutuwarta aka jibge kayan a ɗakin ajiya, sai jikarta ta tono su.

Wani sassaƙe ya tsayar da ni: hannuwa biyu na mace suna murza ƙullu, babu fuska. Babban yatsan ya karkace kamar na Inna. Na daɗe a wurin.

Na tambayi ƙawata yadda aka gane aikin nata ne.

Ta ce, "Ƙawa, dubi ƙasan itacen. Ko ba mai saye, sai ta sa sunanta."

Kunya ta kama ni. Inna ba ta taɓa sa suna a ƙwarya ba, mu ma ba ma kama sunan uwa. 'Ya'yana sun san ta da Inna kawai. Abin da na ɗauka ladabi ne, ashe yana shirin shafe ta.

Da la'asar muka juyo Paris. Ko mayafi ban cire ba na jawo kwalin. Maigida ya leƙo ya ce, "Hajiya, ba dai kin fasa zubarwar ba?"

Na ce, "Na fasa, Malam. A bar kujera ɗaya, a ɗauki wannan."

Tafiyar ta koya mini cewa aiki ba ya ɓacewa sai magada sun sake shi. Na kira 'yata, na ɗauki alƙalami, na kife ƙwaryar farko. Na rubuta sunan Inna, Hadizatu, na ce ta karanta da ƙarfi.