Turancin Tashi-Zauna

Jiya da la'asar ɗiyata ta dawo daga makaranta tana rera wasu kalmomin Turanci da aka ba su su haddace. Tana zaune bisa tabarma, tana cin gyaɗa, tana cewa "line up, hold on, get down" kamar waƙar gaɗa. Ina tsakar wanke shinkafa sai na tsaya cak. Kai mai karatu, ka yi mini haƙuri, waɗannan kalmomin ni ba a zaune na koye su ba.

Na tashi a wani ƙauye na ƙasar Maradun, a hannun kakata, ni da ƙanena. Babanmu mahauci ne, yana Talata Mafara, sai jefi-jefi yake leƙo mu. Makarantarmu aji biyu ce rak a bakin gari, bayanta gonar dawa. Malaminmu wani tsoho ne siriri, wanda aka ce ya yi aikin ginin madatsar ruwa ta Bakolori tun yana saurayi, can ya tsinci Turancinsa a bakin masu ba da umarni. Ni kuwa matsoraciya ce ta gaske, ko ƙadangare ya gifta sai na zabura, shi ya sa nake tsoronsa kamar me.

A shekarar da aka fara jin labarin masu babura suna shiga ƙauyuka wajen Gidan Goga, sai malam ya canza salon karatu. Ya ce akwai kalmomin Turanci masu tafiya biyu-biyu, kuma ba a gane su sai an aikata. Ya haɗa azuzuwan biyu, ya ba kowane babba ƙarami guda. Ni aka ba ni ƙanena. In ya ce "line up", mu yi layi. "Hold on", kowa ya damƙe hannun ƙaraminsa. "Climb out", mu haura ta tagar baya. "Get down", mu kwanta rubda-ciki a kunyar dawa. "Go on", mu ci gaba da jan ciki har bakin rafi. Kullum sai mun yi, rana ko yayyafi, kuma ban da magana.

"Wanda duk ya saki hannun ƙanenai," in ji shi, "ni da shi." Tsumagiyarsa kuwa ba ta ƙarya. Sau ɗaya na saki don in cire ƙarangiya, na kwana uku ina kwanciya da gefe guda.

Kakata ba ta ga amfanin abin ba, ita da ke wanke mana kaya. "Wanga wane irin karatu na?" take cewa. "Mun kai ku boko, an maishe ku gahiyoyi. Turancin tashi-zamna!" Har ta yi shirin zuwa ta same shi. Ban san abin da mai unguwa ya faɗa mata a hanya ba, ta dai dawo, ba ta ƙara kushe karatun ba.

Ranar da abin ya faru, damina ta ja baya, dawa ta fi mutum tsawo. Hantsi ne. Muka fara jin ƙarar babura daga nesa, ba ɗaya ba, ba biyar ba. Sai harbi. Na dubi malam. Ya ajiye alli a hankali, ya ɗauki tsumagiya, ya ce da muryar nan tasa ta kullum, "Line up." Wallahi ƙafafuna ne suka tashi, ba ni ba. "Hold on." Na cafke wuyan hannun ƙanena. "Climb out." Muka haura ɗaya bayan ɗaya, yana ɗaga ƙanana yana miƙo mana. "Get down. Go on."

Muka shiga dawa muna jan ciki. Ƙasa tana shiga bakina, ganye yana yankar fuskata, ƙanena ya buɗe baki zai yi kuka na danna kansa ƙasa. Ina ta jira in ji motsin malam a bayanmu. Abin da na ji shi ne muryarsa a cikin aji, da ƙarfi fiye da kullum: "Stand up! Sit down! Stand up!" yana dukan benci da tsumagiya, kamar ajin cike yake. Baburan suka bi muryar, suka tsaya a ƙofar gaba. Kafin su gane ba kowa, mun kai rafi.

Mun wuni a cikin ciyawa har la'asar sakaliya, sannan iyaye suka zo suna kiran sunaye. Ba yaron da ya ɓace, ko ɗaya. Sai da kakata ta ɓamɓare yatsuna ɗaya-ɗaya kafin na saki ƙanena, farcena ya nutse a fatarsa har jini ya bushe. Malam kuwa sun tafi da shi. Tsumagiyarsa kawai aka samu a ƙasa, kuma har yau ba wanda ya dawo da labarinsa.

A cikin satin babanmu ya kwashe mu zuwa Mafara. An ce makarantar yanzu awaki ke kwana a ciki. Ƙanena ya gaji baba, yana da teburinsa a kasuwa, kuma in ya naɗe hannun riga zai fara aiki, tabon farcena huɗu suna nan. Yakan tsokane ni wai na fi kura riƙo. Ina dariya, amma har gobe in babura suka wuce a jere sai na nemi hannun wani.

Da na gama wanke shinkafar jiya, na ce wa ɗiyata ta ajiye gyaɗar ta miƙe. Na kira ƙanenta daga wajen wasa, na sa hannunsa cikin nata. Ta ce, "Inna, malamarmu hadda kawai ta ce mu yi." Na ce na sani. Na rufe ƙofar gida, na nuna musu katangar baya inda ta fi gajarta, na ce mu fara daga farko.