Wahabu da Takardunsa Ja da Shuɗi

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Ranar Laraba, 12 ga Nuwamba 2025, bayan la'asar, Allah Ya karɓi ran aminina Alhaji Wahabu Mailafiya a wani asibiti kusa da gidansa na Dagenham. Shekararsa sittin da tara, talatin daga ciki a bakin sitiyarin bas ya yi su.

Wahabu, mutane za su faɗi sallarka da zumuncinka, kuma gaskiya za su faɗa. Ni Sifaniyancinka zan faɗa, don ni na sha wahalarsa.

Ɗanka Hamdan ya yi aure a Valencia, aka haifa maka jika, Najwa. Ta kai shekara shida ba Hausa, ba Turanci, sai Sifaniyanci. In an kira ka a waya ta bidiyo sai ta leƙo, ta ga tsoho mai furfura yana washe baki, ta ɓuya bayan uwarta. Ka ce mini, “Malam, jikar da ba ta zagi hular kakanta ba ai baƙuwa ce. Ina so in tsokane ta, ta rama.” Washegari ka yi rajista a ajin koyon Sifaniyanci na manya a unguwa.

Sati biyu ka dawo a fusace. Wai mutanen nan sun mai da rana namiji, wata kuma mace. Gishiri mace, mota namiji.

“Shekara talatin ina tuƙa ta,” ka ce, “yau za a ce mini ƙato nake tuƙawa?”

Osmanu, mutumin Kumasi da muke sallar Juma'a tare, ya ce, “Alhaji, mu a Hausarmu ta zango mace ya zo, namiji ya zo. Mun huta.” Ka yi kwana uku ba ka gaishe shi ba.

Daga nan ka sayo takardu masu manne, shuɗi na maza, ja na mata, ka bi gidan kaf. Ƙofa ja, firji shuɗi, cokali ja, buta ma ba ta tsira ba. Maiɗakinka Hajiya Turai ta hau jirgin ƙasa har Abbey Wood gidan suna da jar takarda a bayan mayafinta, sai a can Talatu ƙanwarta ta cire mata. Da ta dawo ka rantse daga jikin kujera ta kwaso ta. Na yarda da kai, amma ni kaɗai na yarda.

Bazarar bara aka kawo Najwa. Ka tsaya a falo kamar mai shirin huɗuba, ka nuna tebur, ka ba shi jinsin maza. Yarinyar ta dube ka, ta dubi jar takardar da kai da kanka ka manna, ta fashe da dariya har da faɗuwa kan kafet. Ta kama hannunka ta zaga da kai ɗaki ɗaki tana gyara maka. Tun daga ranar, kowace Lahadi sai ta kira ta yi maka jarrabawa, ka faɗi, ta ce kanka ya fi kwakwa tauri. Ka roƙi Hamdan ya fassara maka zagin sau biyu, don daɗi.

Na ɗauka da gaske ka kasa. Sai a asibiti na ji ka da wata nas 'yar Kolombiya kuna hira da Sifaniyanci tiryan-tiryan, ba tuntuɓe ko ɗaya. Na ce, “Wahabu, ashe ka iya?”

Ka ce, “Tun bara. Rufa mini asiri. In na ci jarrabawar, me za ta kira ni ta yi?”

Na rufa har ka tafi. Yanzu kam ka yafe mini.

Ranar addu'ar uku Hajiya ta fara ɓare takardun. Najwa ta hana. Ta ɗauki shuɗiya, ta rubuta el abuelo, wato kaka, ta manna a kujerarka, a kan jar da ke wurin. Hajiya ta mayar da waɗanda ta cire, har ta cokali, tana tambayar yarinyar da hannu wace kala ce ta ina.

Allah Ya jiƙanka, Wahabu, Ya yafe kurakuranka, na gangan da na kuskure, Ya sa Aljanna ce makomarka. Hajiya Turai, Hamdan da maiɗakinsa, da malamarka Najwa, Allah Ya ba ku haƙurin wannan rashi. Amin.