Baba da Rawanin Yaya

Mahaifinmu bai taɓa durƙusa wa mai rawani ba, kuma kowa a ƙauyenmu, can tsakanin Kaura da Zurmi, ya san haka. Yana saurayi ya shiga jam'iyyar talakawa. A lokacin, in ruwan shuka ya sauka, dole kowane magidanci ya fara yin aiki kyauta a gandun mai gari kafin ya taɓa tasa gonar. Baba ya saɓi hauyarsa ya nufi gonarsa. Aka kira shi, ya zo ya gaisa a tsaye, da takalminsa. Aka ɗaure shi a rana, aka tsare shi, ya fito ya hau kekensa yana bin ƙauyuka yana gaya wa mutane Allah kaɗai ake sunkuya wa. Da wannan labarin muka tashi. Ni kam har ya gundure ni, wallahi, don ko miya ce ta yi kaɗan a tuwo sai Baba ya ce zalunci ne.

To, shekarun baya mai unguwarmu ya rasu bai bar magaji ba, dattawa suka ce wana suke so. Yaya malamin firamare ne a Sakajiki, mutum mai sanyin hali, ba irina ba. Ya ce ba zai karɓa ba sai Baba ya sa albarka. Baba kuwa bai sa ba. Kwana uku yana zaune a zaure yana gyaran ƙotar fartanyar da ba abin da ya same ta.

Na taso takanas daga Shinkafi, inda nake aure, ko mayafi ban cire ba na tare shi.

"Baba, mi Yaya ya yi maka?"

"Ba abin da ya yi."

"To mutane na jira. In bai karɓa ba ka san wa za a ba, wanda ya katange hanyar rijiya ya haɗe da gonarsa."

"Ke dai bakinki bai hutawa," in ji shi. Ya ajiye fartanyar. "Tsoro nike ji, ɗiyata. Na ga mutanen kirki sun shiga rawani ba su fito ba."

Tausayinsa ya kama ni, don ban taɓa jin ya ce yana tsoron wani abu ba.

Washegari bayan la'asar dattawan suka zo jin amsa. Yaya na zaune kan buzu a ƙofar gida, Baba na daga bakin zaure, ni ina leƙe ta bayan asabari. Cikinsu akwai tsohon wanzamin garinmu, da ƙyar yake tafiya. Shi a ganinsa magana ta riga ta ƙare. Tun daga nesa ya tuɓe takalmi, ya dogara sanda, ya fara kai gwiwa ƙasa yana cewa, "Ranka shi daɗe."

Kai! Ban san Yaya na da sauri haka ba. Ya zabura har ya yi fatali da ƙwaryar furarsa, ya tallabo tsohon kafin gwiwarsa ta taɓa ƙasa.

"Haba Baffa! Kai da ka yi mini askin suna?"

Ya zaunar da shi kan buzun, ya koma ya ɗauko masa takalmansa, shi ya zauna a ƙasa. Bai ma san Baba na kallo ba, hankalinsa na kan tsohon da ke ta haki.

Baba ya miƙe, ya tako a hankali har tsakiyar mutane. Ya ɗora hannu a kan Yaya.

"Ku ba shi," ya ce. "Allah shi taya ka riƙo. Amma ka sani, ranar da ka ci haƙƙin wani, ni ne ɗan adawarka na farko."

Dattawa suka kwashe da dariya. Yaya bai yi dariya ba, ya ce, "Na ji, Baba." Ni kuwa na shige cikin gida da sauri don kada su ji kukana.