Malam Shu'aibu Gungu da Hannunsa na Hagu

Haihuwa da Tasowa

An haifi Malam Shu'aibu a shekarar 1922 a wani tsibiri na kogin Kwara, ƙasar Ngaski. Sunan mahaifinsa Ɗangana, masunci, mahaifiyarsa kuwa Marka. Ya yi karatun allo a Yelwa, sannan ya komo gida ya kama sana'ar fito, yana ƙetarar da 'yan kasuwa a kwalekwale.

Aure

A 1947 ya auri Asama'u 'yar Birnin Yauri, mace mai barkwanci, wadda ita kaɗai ya zauna da ita tsawon rayuwarsa.

Tashin Gari da Jarrabawa

A 1968, yayin da ruwan madatsar Kainji ya doshi tsibirinsu aka umarci jama'a su ƙaura zuwa garin Wara, azara ta faɗo masa a ka yana cikin kwance rufin ɗakinsa. Raunin ya warke, amma tun daga lokacin hannunsa na hagu ya shiga motsi ba da izininsa ba. Dama ta ɗaure igiyar jirgi, hagu ta kwance, shi kuwa sai dai ya gani da ido. Mutane suka ce iska ce, suka daina shiga jirginsa.

A 1969 wani likita a Zariya ya bayyana masa cewa ƙwaƙwalwa kan fara shirya motsi tun kafin mutum ya ankara ya yi niyya, raunin kuma ya yanke hanyar da labarin ke iso masa. Bayanin ya raba shi da tsoron aljanu, amma ya haifar masa da wata fargabar, domin hannun ya taɓa marin ƙaramar 'yarsa. Sai ya nufi Modibbo, limamin Wara, ya ce, "Allah gafarta Malam, hannun ga da ban aika ba, in ya yi ɓarna, wa za a tambaya gobe kiyama?" Modibbo ya ce, "Abin da ba ka nufa ba, ba a rubuta maka shi."

Zamansa a Wara

Ya miƙa wa babban ɗansa jirgin, ya koma sayar da busasshen kifi. Asama'u ta lura hannun kan lafa idan an riƙe shi, don haka ta riƙa riƙe masa shi wajen cin abinci, har da hanyar kasuwa. Da mata suka yi mata tsiyar rashin kunya, sai ta ce, "Wannan shi ne autana, ba ya jin magana."

Rasuwa

Allah ya yi masa rasuwa ranar wata Alhamis cikin Sha'aban na 1987, bayan gajeriyar jinya. Modibbo, duk da tsufansa, shi ya sallace shi, aka binne shi a maƙabartar Wara. Ya bar Asama'u da 'ya'ya huɗu: Usman, Kulu, Tamada, da Safiya wadda ya mara tana ƙarama, ita ce kuma ta yi jinyarsa. Allah ya jiƙansa da rahama.