Ranar da Faifan Inna Ya Karce

Akwai wata Asabar da nake jin ko ciwon mantuwa ya kama ni kamar yadda ya kama mahaifiyata, ita ce za ta zama ta ƙarshen fita daga kaina. An yi shekaru yanzu da faruwar abin.

A lokacin Inna tana zaune tare da mu a garin Bowie, can ƙasar waje inda nake aiki. Na ɗauko ta daga gida bayan rasuwar mahaifinmu, ba ta cika shekara biyu ba mantuwa ta fara cin ta. Ni ma'aikaciyar jinya ce, na san ciwon a littafi, na san shi a asibiti, amma in ya shigo ɗakinka daban yake. Da la'asar ta yi sai ta yafa mayafi ta ce za ta tafi gida, ta ƙi abinci, ta ƙi magani. Abu ɗaya ne ke zaunar da ita, wani faifan sidi mai ɗauke da waƙar da wani makaɗin dundufa ya yi wa mahaifinmu ranar da aka naɗa shi sarkin maƙeran ƙauyenmu, can wajen Funtuwa. A kaset aka ɗauki waƙar tun muna yara, daga baya yayana ya sa aka juye ta a faifai, kaset ɗin kuma ya salwanta. Da an sa faifan sai ta zauna ta miƙo hannu a ba ta tuwo.

Maigidana ya sha ce mini in juye waƙar a waya, kullum sai in ce gobe. Ni ce kuma mai yi wa marasa lafiya wa'azin rigakafi ya fi magani. Wata Alhamis na dawo daga aiki na tarar da Inna a kicin tana dirzar faifan da soson ƙarfe. A ganinta murfin kwano ne ya yi datti.

Kwana biyu ba ta ci abin kirki ba. Na birkice intanet, waƙoƙin duniya kaf suna nan, ban da wannan. Na kira yayana a Kaduna, ya ce mai shagon da ya juye masa ya daɗe da komawa sayar da cajar waya. Sabuwar motata ma ba ta da wurin sa faifai, wato masu ƙera mota sun riga sun yi masa jana'iza. Ina cikin wannan tashin hankali wata ƙawata ta ba ni labarin wani dattijo mutumin Maraɗi da ke garin Gaithersburg, ba nisa da mu. Ta ce da can yana sayar da kaset da faifai a wani shagon kayan Afirka, da ciniki ya mutu sai ya kwashe kayansa ya koma da su gida.

Da na isa ranar Asabar ɗin, matarsa ta kai ni ɗakin ƙasa. Ban taɓa ganin irinsa ba. Daga ƙasa har rufi faifai ne da kaset, har da baƙaƙen faifan garmaho irin waɗanda nake jin labari. Na durƙusa na gaishe shi, na zayyana masa komai ina haɗiye kuka. Ya ɗaga faifan ya duba a haske ya girgiza kai.

"Ɗiyata, wanga ya sha wuya. Amma mu ji abin da ya rage."

Abin da ya rage bai kai rabin minti ba. Dundufa ta buɗe, makaɗi ya ja numfashi zai fara, sai faifan ya kama in'ina ya tsaya. Ni dai na gama sarewa. Shi kuwa dattijon ya rufe ido ya ci gaba da kiɗan da yatsu a kan gwiwarsa, daidai daga inda faifan ya tsaya, kamar da shi aka yi bikin. Sannan ya tashi ya nufi wani lungu, ko tabarau bai sa ba, ya zaro wani faifai ya saka.

Kiɗanmu ne, babu ko tantama. Amma murya ta wani ce, kuma wani maƙerin Tasawa ake wasawa. Kafin in rufe baki ya ɗora faifan garmaho, ga shi nan dai ta cikin ƙarar tsohon faifai, ana yi wa wani mutumin Damagaram. Ya ƙara da wani kaset da ya ce daga zangon Kumasi ya samo shi.

Ni mai saurin fushi ce, ba na ɓoye wa kowa. Raina ya ɓaci sosai, don tun ina yarinya nake taƙama da cewa ubana kaɗai aka yi wa wannan waƙa. Na ce, "Baba, ashe kayan sata makaɗin nan ya kawo mana? Har da babbar riga aka ba shi fa."

Ya yi dariya har ya yi tari. "Sata kuma? Wanga kiɗi na ƙira ne, ya girmi ubanki, ya girmi kakana. Makaɗi aro yake yi, ya sa sunan mai rana, in an tashi ya maida. Wa kika ji ya ce rijiyar gari tasa ce don ya sha ruwa?"

Ya miƙo mini faifan Tasawa. Na ce ai sunan wani ne a ciki, zai ƙara rikita ta. Ya ce, "Ki dai kai mata. In ta gama ki maido, shi ma aro ne."

Na karɓa ne kawai don kada in yi wa dattijo rashin kunya. Duk tsawon hanya ina tuƙi ina tsaki.

Na iso gida bayan la'asar. Inna tana bakin ƙofa da mayafinta, maigidana ya tare hanya yana ta cewa, "Inna, ki yi haƙuri ki zauna." Na saka faifan ba tare da na sa rai ba. Dundufa na buɗewa ta saki hannun ƙofa. Ta juyo a hankali, ta zauna a hannun kujera, ta karkata kai tana saurare. Ni kuwa na zuba mata ido, don na san inda za a kira sunan baƙo.

Da makaɗin ya iso wurin, Inna ta girgiza kai kamar mai gyara wa yaro karatu. Ta ɗaga murya ta danne tasa, ta sa sunan mahaifinmu, cikakke, har da na ubansa da kirarinsa, daidai kan kiɗa ba ta kuskure ko taki ɗaya ba.

Na zauna a ƙasa. Na haura shekara arba'in a duniya ban taɓa jin wannan suna daga bakinta ba. Kullum "babanku" ne, ko "mai gidan nan". Ko wani ne mai sunansa, sai ta laƙaba masa wani. Ga shi matar da ta manta sunana, ta manta a wace ƙasa take, tana kiran mijinta da baki buɗe a falonmu, fuskarta tana haske kamar ta amarya. Ta ci gaba har da baitocin da ko a faifanmu babu su. Maigidana, Allah ya saka masa, ya fi ni hankali, ya zaro waya ya ɗauka. Da kiɗan ya ƙare ta dube ni ta ce, "Ke, ba a ba mutum abinci ne a gidan nan?"

Da wannan faifan na aro muka yi jinyarta har Allah ya karɓi abarsa, sannan na mayar wa mai shi. Ban san ko jikokina za su san menene faifai ba, wataƙila ba za su sani ba, kuma na daina damuwa da hakan. Abin da na koya shi ne, na yi shekara da shekaru ina riƙe da abin da nake ganin namu ne mu kaɗai, shi ne kuma ya lalace a hannunmu. Wanda ya ceci uwata shi ne wanda kowa ya ara ya mayar, daga Funtuwa har Damagaram. Tun daga ranar, duk abin da na gada, in an tambaye ni sai in bayar.