Duman da Aka Kife wa Tukunya

Ni dai a Gwagwalada na yi wayo, a wani gida mai ɗaki uku da ke ƙarshen layi, inda daga bayan katangarmu sai gonakin Gbagyi har iya ganin ido. Babanmu ma'aikacin gwamnati ne da aka dawo da ofishinsu Abuja. Cikin gari ba wurin zaman irinsa ba ne, don haka ya kwaso mu ya ajiye a can, shi kuma kullum ya bi motar asuba. Da shekara ta zagayo ya je Zariya ya ɗauko mahaifiyarsa, Iya, wadda aka sa mini sunanta. Ba ta taɓa kirana da komai ba sai Takwara.

Iya ba ta yi sati ba ta ce a nemo mata fartanya. Ta ce ita ba za ta zauna a gidan da ake sayen yakuwa ba, abin kunya ne. Akwai wani fili bayan ɗakin girki da muke zubar da shara. Ta share shi, ta ja kunyoyi, ta zuba kuɓewa da yakuwa da alayyafo da tattasai, ta kafa zogale a jikin katanga. Mu jikokinta huɗu kowa ta yanka masa fangalinsa, ɗan wuri kamar faɗin tabarmar salla, ta ce duk wanda ya bari nasa ya bushe to ba shi ba miyarta. Da safe kafin makaranta mu ja ruwa a rijiya mu ba shuka. Da yamma kuwa sai mu ɓace. Mu yi langa, mu yi 'yar gala-gala, mu hau yazawar mutane a koro mu, mu gangara rafi mu dawo da wando jiƙe. Ba mai nemanmu sai an kira magariba. Ƙafafuna a lokacin sun yi kaushin da ko ƙaya sai ta yi shawara kafin ta shiga.

In an ci tuwo, Iya ba ta bari wutar murhu ta mutu. Sai ta tura gyaɗa ko dankali cikin toka mai zafi, ta ja kujerarta 'yar tsugunne, ta miƙe ƙafa ɗaya saboda ciwon gwiwa. Mu kuma mu kewaye ta, muna ture juna a kan wa zai zauna ta gefen da hayaƙi ba ya bi. Ita ba ta buɗe tatsuniya yadda kowa ke buɗewa. Sai ta dubi bakin ƙofa ta ce, "Ga wata can tafe, tana ɗingishi." Mu haɗa baki mu ce, "Ta ƙaraso, mun shimfiɗa mata tabarma."

Tatsuniyoyinta yawanci na dariya ne, har da kwaikwayon muryar kura. Amma akwai guda ɗaya da ba ta cika yi ba, sai ranar da ta tashi shiru-shiru. Ita ce ta Tabawa.

Tabawa mace ce da ba ta taɓa haihuwa ba. Wata rana a bakin rafi ta taimaki wata tsohuwa ɗaukar tulu, tsohuwar ta ba ta ƙwayar duma guda uku. Ta ce mata, duk wadda ta yi yaɗo ta yi ɗa, in an fasa duman za a tarar da jariri a ciki. Tabawa ta dawo gida da gudu ta shuka ta farko a tsakar gida. Ta tsiro, ta yi ganye biyu kore shar. Tabawa ta shiga ɗaki ɗauko tsintsiya, kafin ta fito akuya ta tsinke ta. Ta yi kuka ta gaji. Ta shuka ta biyu, ta kewaye ta da ƙaya har ita kanta ba ta iya sa hannu. Wannan ta yi ganye shida, har ta fara neman abin kamawa. Sai gafiya ta biyo ta ƙarƙashin ƙasa ta cinye saiwar.

Saura guda ɗaya. Tabawa ta shuka ta, ta ɗauko tukunyar da ta fi kowace kauri ta kife a kai, ta toshe gefe da laka, ta hau kai ta zauna. A nan Iya kan rage murya ta rera waƙar da ke fitowa daga ƙarƙashin tukunya:

"Inna, Inna, ɗaga mini,
In ga abin da ke ɗumama tukunya."

Tabawa ta ce, "Gobe, ɗana, gobe. Yau akwai akuya a gari." Kashegari aka sake waƙar, ta ce yau akwai gafiya. Kullum da abin da ke gari. Muryar tana ta ƙanƙancewa, har ranar da Tabawa ta kasa kunne ba ta ji komai ba. Ta ɗaga tukunya. Ga duma ya yi tsawo, ya nannaɗe a ciki, fari sol, siriri kamar zare. Rana na taɓa shi ya kwanta, bai sake tashi ba.

"Ta ƙare a nan," in ji Iya. "Wanda bai ƙoshi ba ya lashi hannunsa."

Ranar farko da na ji ta, haushi ya kama ni. Na ce, "Iya, wannan Tabawa ai wawiya ce. Wa ya taɓa kife wa shuka tukunya?"

Iya tana tono gyaɗa da tsinke, ba ta ɗago ba. Ta ce, "Takwara, bakinki ya fi ki girma. To ke da kece ya za ki yi?"

Na ce sai in tsaya a kai da sanda.

"Ba za ki yi barci ba? Ba za ki zaga bayi ba?" Ta hura tokar da ke jikin gyaɗar ta miƙa mini. "Kada ki zage ta. Ke ba ki shuka biyu kin rasa ba."

Ban yarda ba. Washegari na sami gwangwanin madara na kife wa wata 'yar kuɓewa a fangalina, don in gani ko gaskiya ne. Bayan kwana takwas na ɗaga, na tarar ta yi rawaya, ta yi dogon wuya ta lanƙwashe. Na kira Iya ina murna, ina cewa ga shi na tabbatar Tabawa ce da laifi. Ta dubi kuɓewar, ta dube ni, ta ce in cire ta in shuka wata. Sai bayan rasuwar Iya, ina jami'a, na ji daga bakin babanmu cewa haihuwarta tara, uku ne suka rayu. Ɗaya rijiya ya faɗa yana ɗan shekara huɗu, ita tana daka a tsakar gida.

Yanzu ina zaune a Kurudu da mijina da 'yarmu guda ɗaya, Nana. Da muka tare, akwai wani kango kusa da gidanmu da mai shi bai fara gini ba. Jinin Iya ya motsa, na nemi izini na ja kunyoyi, na zuba kuɓewa da alayyafo. Yaran layi suka mai da wurin filin wasansu, ni kuma ina jin daɗin hayaniyarsu. A cikinsu akwai Sande, ɗan maƙwabciyata, yaro ɗan shekara shida mai wushirya, wanda kullum sai ya roƙe ni in bar shi ya riƙe butar ban ruwa.

Wata Laraba da la'asar ina cire ciyawa, Nana na goye a bayana, lokacin shekararta ɗaya. Sande yana buga ƙwallo a bakin hanya, bai fi taku talatin daga inda nake ba. Na ji ƙarar babur, ban ma ɗago ba, babur nawa ke wucewa a yini? Da na ɗago sai ƙwallon kawai na gani yana gangarawa kwata, babu Sande. An nema, an kai rahoto, an yi addu'a a masallaci da coci. Shekara uku ke nan, ko takalminsa ba a gani ba.

Tun daga ranar ban sake taka kangon nan ba. Na sa aka ƙara wa katangar gidanmu tsawo. Na matsa wa Abban Nana har ya sa aka rufe 'yar tsakar gidanmu da kwano, don na ji an ce ta sama ma ana dirowa. Na ajiye aikina a ma'aikata, saboda ban yarda in bar ta a hannun kowa ba. Makaranta ma na ce sai ta cika biyar. In za mu unguwa, daga ɗaki sai mota, daga mota sai ɗaki. Da ta fara wayo tana leƙa ƙasan ƙofar gida tana kallon ƙafafun masu wucewa, sai na zaunar da ita na gaya mata akwai masu ɗaukar yara a waje, in suka ga yaro ba ya dawowa. Na faɗa mata ba sau ɗaya ba, ba sau goma ba, har ta daina leƙen. Abbanta ya ce, "Kin mai da gidan nan kurkuku." Na ce ya je ya faɗa wa Maman Sande haka.

Watan da ya wuce na lura tafiyarta ta canja, ƙafafun sun fara buɗewa kamar baka, ga yawan cewa ta gaji. Muka je asibiti. Likitar ta duba ta, ta sa aka ɗauki hoton ƙashi, sannan ta cire tabarau ta dube ni.

"Hajiya, yarinyar nan tana fita rana kuwa?"

Ba ta jira amsata ba ta ci gaba.

"Ƙashinta bai yi ƙwari ba. Zan rubuta magani, zai taimaka. Amma don Allah ki bar ta ta yi wasa a waje, ta sha rana, ta yi gudu. In aka bari ya wuce haka, gyaran zai yi wuya."

A mota na kifa kaina a sitiyari na yi kuka, Nana tana bayana tana tambaya wa ya dake ni. Shekara talatin da zagin da na yi wa Tabawa, ga ni zaune a kan tukunya, kuma na san abin da ke faruwa a ƙarƙashinta tun ina 'yar firamare. Sanin bai hana ni komai ba. Abin da Iya ke nufi ke nan, ina jin. Ba wa'azi take mana ba. Faɗa mana take yi cewa akwai inda uwa ke zuwa ta tarar duk hanyoyin biyu asara ce, kuma dole ta bi ɗaya.

Ranar Asabar da hantsi, bayan an kwana ana ruwa, na yi ta maza. Na sayo irin kuɓewa, na ɗauko tsohuwar fartanyata da ta yi tsatsa, na kama hannun Nana muka fita. Kangon ya cika da ciyawa, amma akwai wani gefe da ƙasa ta yi laushi. Na durƙusa na cire mata takalmi, ina ta yi mata murmushin da ni kaina ban yarda da shi ba.

"Taka ki ji, Nana. Sanyi gare ta. Zo mu shuka, ke za ki riƙa zuba ruwa."

Ta ajiye ƙafa ɗaya, ta ɗaga da sauri, ta dubi lakar da ta manne mata a tsakanin yatsu. Ta runtse ido saboda haske. Sai wani mai babur ya taho daga ƙasan layi. Yarinyar nan ta ƙwalla ƙarar da ban taɓa jin irinta ba, ta ƙanƙame wuyana.

"Mami mu koma! Za su gan ni! Mami don Allah mu koma ciki!"

Ina rarrashinta, ina cewa ai ina nan, sai na ji an yi magana a bayana. Maman Sande ce, zaune a kan benci a ƙofar gidanta, inda take wuni tun shekara uku tana kallon hanya. Ta rame har ban so haɗa ido da ita ba. Ta yi mini magana da Hausarta da ba ta gama nuna ba.

"Maman Nana, me kana yi a waje da yarinya? Shiga da shi. Ni ma ina nan ranar, ai kin sani. Ina nan. Shiga da shi don Allah."

Na tsaya da fartanya a hannu ɗaya, yarinya a ɗayan. Likita ta ce a fito da ita, wadda ta rasa nata ta ce a shiga da ita, kuma babu maƙaryaciya a cikinsu. Na zubar da irin a nan na juya. Ko a tatsuniyar Iya, ɗan ne ke roƙon a buɗe masa. Tawa roƙo take a rufe, kuma ni na koya mata. Iya ba ta kai mu nan ba, ban kuma san wa zan tambaya ba.

Da muka shiga na sauke ta don in ajiye fartanya. Ta juya da 'yan ƙafafunta masu lanƙwasa, ta yi ɗage, ta tura sakatar ƙasa da hannu biyu har ta shige. Sannan ta share hawayenta da bayan hannu, ta dube ni.

"Mami, yanzu ba abin da zai same ni, ko?"

Na ce mata babu. Ta kuwa yarda.