Turancin Kakata

Akwai wata firamare a bayan gidana. Duk safiya sai na ji yara suna rerawa: "Come, zo! Go, tafi!" Kai da ka ji, surutun yara ne kawai. Ni kuwa shayin ma sai ya fita daga raina, don kakata nake tunawa.

A Mainika na tashi, ina aji biyu abin ya faru. Baffana, ɗan farin kakata, ya bi motar shanu zuwa Fatakwal tun ba a haife ni ba, ya yi aure can, ya samu 'ya mace. Bayan an gama yankan dawa sai ya aiko zai kawo ta ta ga dangi. Amma fa yarinyar ba ta jin Hausa, ko zo in kashe ki.

Kakata tana kaɗa nono ta kira ni. "Kai maigida, yau bokonka zai yi rana. Yaya Bature yake kiran jikansa?"

Na bugi ƙirji na ce, "Come. In mutum yana nesa kina so ya matso, shi ke nan."

"Kam," in ji ta.

Na yi dariya har da faɗuwa, ta jefe ni da ludayi. Amma ba ta fasa ba. Wuni take tana gwadawa a kan maruƙa da kaji, matan gida suna tsokanarta wai Baturiyar Mainika.

Ranar da suka iso daga tashar Gwarzo, kakata ko kallon baffa ba ta yi ba. Kunyar ɗan fari ce, ko sunansa ba ta faɗa. Yarinyar ta maƙale a bayansa. Sai tsohuwa ta miƙa hannu biyu, ta ce, "Kam." Wallahi yarinyar ta zo. Ta hau cinyarta tana shafa tsagen fuskarta, tana ta zuba Turanci. Kakata dai "kam, kam" take amsawa, hawaye na zuba. Da shi ta ba ta fura, da shi ta goya ta.

Ba su daɗe ba. Da safiyar tafiya kakata ta jawo ni bayan rumbu. "Maigida, yi sauri, yaya ake cewa kar ki tafi?"

Ba mu kai nan ba a makaranta. Baffa ya sani, ga shi can yana ɗaure jaka, amma ina! Bakinta ba zai iya tambayarsa ba. Ta fita bakin hanya tana kiran kalmarta ɗaya har mota ta sha kwana.

Damina ba ta riski kakata ba. Yarinyar ma ba a sake kawo ta ba.

Yau Turanci nake yi a ofis har in gaji, 'ya'yana ma Hausarsu sai a hankali. Na daɗe da sanin amsar tambayar nan ta bayan rumbu. Wadda zan kai wa ce babu.